Tarihin Mabiyan Bogi: Daga Ina Laik Ɗin Da Ake Turo Maka Yake Fitowa?

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Tambayar da ta fi yawa a kwanakin nan ita ce wace manhaja ce ke ƙara mabiya da sauri, musamman tunda Facebook ya fara biyan masu ɗora bidiyo a Najeriya da Ghana a 2024. Kowa so yake ya kwanta da mabiya 300 ya tashi da 10,000. To wannan harka ba yau aka fara ta ba, ta kai shekara 20. In ka bi ta tun daga tushe za ka ga tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: su waɗannan mabiyan da ake turo wa mutum, daga ina suke fitowa? Amsar ta canza sau da yawa, kuma ta ƙarshen ta shafe ka ko da ba ka taɓa sayen laik ko ɗaya ba.

Bari mu fara da MySpace. Da yawanmu ba mu riske shi ba, amma kafin Facebook ya yi ƙarfi shi ne babban dandalin sada zumunta a Amurka. A can ba mabiya ake cewa ba, abokai ake cewa, kuma adadinsu yana rubuce a fuskar shafinka kowa na gani. Abin dariya, aboki na farko da na'ura ta taɓa liƙa wa mutane, kamfanin ne da kansa ya liƙa shi. Duk wanda ya buɗe akawun zai tarar yana da aboki ɗaya, Tom Anderson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin.

A watan Oktoba na 2005 wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Samy Kamkar ya gano wata ɓaraka a MySpace. Ya rubuta wani ɗan ƙaramin umarni na kwamfuta ya ɓoye a shafinsa. Duk wanda ya leƙa shafin, ba tare da ya danna komai ba, akawun ɗinsa zai tura wa Samy buƙatar abota, sannan a rubuta a shafinsa cewa Samy ne gwarzonsa. Wurin da abin ya ɓaci shi ne, umarnin yana kwafar kansa ya koma shafin wanda ya leƙa ɗin. Kenan in wani ya leƙa shafin wancan, shi ma ya kamu, shi ma ya zama mai rabawa. Ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Cikin awa 20 buƙatun abota sun haura miliyan 1, dole MySpace ya rufe dandalin na ɗan lokaci don a share abin. Yaron bai saci ko sisi ba, amma jami'an tsaro sun dira gidansa, kotu ta sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara 3 tare da takura masa amfani da kwamfuta, da aikin al'umma na kwana 90. Ku riƙe wannan labarin, domin miliyan ɗin da Samy ya tara duk mutanen gaske ne waɗanda akawun ɗinsu ya yi aiki ba da saninsu ba.

Sauran masu neman suna, musamman ƙananan mawaƙa, hanya mai sauƙi suka bi. Suna sayen manhajar kwamfuta da ke tura buƙatar abota ɗaruruwa a rana. Ba ta ƙirƙirar kowa, aikin yatsanka kawai take yi, sai dai ita ba ta gajiya ba ta barci.

Da Twitter ya zo a 2006 sai lissafin ya canza, domin a can kana iya bin mutum shi bai bi ka ba. Nan take yawan mabiya ya zama ma'aunin daraja. A 2009 ɗan fim Ashton Kutcher ya yi tsere da tashar CNN kan wa zai fara kai miliyan 1, kuma shi ya ci. A shekarar ne kuma wani ɗan kasuwa, Jason Calacanis, ya fito fili ya yi tayin dala 250,000 don Twitter ya saka shi cikin jerin mutanen da ake nuna wa sababbin shiga su bi. Ka ga daga nan lamba ta zama kuɗi.

Dabarar da ta yi tashe a lokacin ita ce bi ka saki. Manhaja za ta bi mutum ɗaruruwa a rana da sunanka. Wasu don kara za su rama su bi ka. Bayan kwana biyu ko uku sai ta sake su gaba ɗaya, ta kamo wasu sababbi. Twitter ya sa iyaka, ba za ka bi sama da mutum 2,000 ba sai in naka mabiyan sun kusa kai hakan, daga baya aka ɗaga zuwa 5,000. A Afrilun 2012 ya maka masu irin waɗannan manhajoji a kotu, ciki har da TweetAdder da TweetAttacks. A 2019 kuma ya rage yawan waɗanda za ka iya bi a rana daga 1,000 zuwa 400. Duk lokacin da ka ga an rubuto maka cewa ka yi saurin bin mutane, a dakata, to gadon wancan faɗan ne kake ci.

Amma bi ka saki tana da jinkiri, sai ka jira mutumin gaske ya ga dama. Shi ya sa aka koma ƙera mutanen. A buɗe imel dubbai, a buɗe akawun dubbai, a liƙa musu hoto da suna, a jibge su kamar kaya a sito. Mai saye ya biya, a danna maɓalli ɗaya, su kwararo. A watan Yulin 2012, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a Amurka, mabiyan ɗan takara Mitt Romney suka ƙaru da sama da 100,000 a rana guda, kuma masu bincike suka ga mafi yawansu sababbin akawun ne. Mutanensa sun ce ba su saya ba, kuma yana iya zama gaskiya, tunda mai sayarwa ba ya tambayar ko shafin naka ne. Ko maƙiyinka yana iya saya maka don a yi maka dariya. A shekarar dai Facebook ya rubuta da kansa a takardun da ya miƙa wa hukuma cewa kimanin akawun miliyan 83 a dandalinsa na bogi ne ko maimaici.

Da kamfanoni suka fara gane motsin na'ura, sai aka sa mutane a madadinta. A 2013 shirin Dispatches na tashar Channel 4 a Ingila ya bi sawun laik har birnin Daka na Bangaladash. Suka tarar da ɗakuna cike da matasa a gaban kwamfuta, dare da rana, suna shiga akawun ɗaya bayan ɗaya suna danna laik. Mai saye yana biyan dala 15 kan laik 1,000, shi kuma mai dannawa wani lokacin dala 1 ce rabonsa a kan dubun. Irin waɗannan wurare ake ce wa gonar laik.

A nan akwai abin da ya kamata duk mai shafi ya gane. Masu gonar laik ba shafin wanda ya biya su kaɗai suke dannawa ba. Don kar a gane su, sai su riƙa danna laik a kan duk abin da suka ci karo da shi, har da tallan da mutum ya biya Facebook kuɗinsa na halak. Wakilin BBC Rory Cellan-Jones ya gwada a 2012. Ya buɗe shafin wani kamfanin burodi da babu shi a duniya, ya sa masa suna VirtualBagel, ya biya ɗan kuɗin talla kaɗan, sai ga laik dubbai, yawanci daga Masar da Indonesiya da Filifin. A 2014 mai tashar Veritasium a YouTube ya nuna illar a kan shafinsa. Idan ka ɗora abu, Facebook ba ya nuna wa duk mabiyanka lokaci guda. Yana fara gwadawa a kan kaɗan daga ciki, in sun tsaya sun kalla, sun yi sharhi, sai ya faɗaɗa. To in rabin mabiyanka gawa ne, rabin gwajin a kan gawa zai faɗa. Babu motsi, sai tsarin ya yanke hukuncin cewa abin da ka ɗora ba shi da daɗi, ya binne shi. Ka biya kuɗi an rage maka masu ganinka na gaske kenan.

Sai shara ta zo. A Disambar 2014 Instagram ya goge akawun na bogi a tashi ɗaya. Justin Bieber ya rasa mabiya kusan miliyan 3.5, Akon ya rasa fiye da rabin nasa, shafin Instagram ɗin kansa ya rasa sama da miliyan 18. Akwai wani shafi da yake da sama da miliyan 3, da gari ya waye saura mabiya 8. Takwas fa, ba dubu takwas ba.

Bayan wannan kamfanoni suka ƙara tsanani: sai ka sa lambar waya, sai an turo maka lambobin tabbatarwa, kuma ana duba irin na'urar da ka shiga da ita. In akawun 500 suna fitowa daga kwamfuta ɗaya da adireshin intanet ɗaya, an kama su. To masu harkar sai suka koma wayoyin gaske da layukan gaske. A watan Yunin 2017 'yan sandan Tailan suka kai samame wani gida a Aranyaprathet, kusa da iyakar Kambodiya. Suka tarar da 'yan Caina uku, da iPhone 474 a jere a kan kantoci na ƙarfe, kowace da wayar caja a jikinta an haɗa ta da kwamfuta, da katin sim 347,200. Ka raba ka gani, kowace waya tana da sim sama da 700 da za a riƙa canza mata. Aikinsu shi ne ƙara wa kayan sayarwa laik da kallo a manhajar WeChat ta can Caina.

Ni da nake sana'ar gyara, hoton nan na farko abin da ya faɗo min shi ne batir. Waya ta zauna a caji awa 24, sikirin a kunne, wata da watanni, a ƙasa mai zafi, ai batirin kumbura zai yi ya ɗaga sikirin, in ba a yi sa'a ba ya kama da wuta. Su ma sun gane haka. Gonakin yanzu ba ka ma ganin waya. Ana cire sikirin, a cire batir, a cire kyamara, a bar fanel ɗin tsirara, a jera guda 20 a akwatin ƙarfe ɗaya mai fanka, a ba su wuta kai tsaye. Mutum ɗaya a gaban kwamfuta yana ganin fuskar wayoyin duka, in ya danna sau ɗaya duk sun danna. Wayar da sikirinta ya fashe, wadda mu za mu ce a cire kaya a jikinta, a wurinsu cikakken ma'aikaci ce. A 2017 ɗin dai aka ga wata na'ura a wani babban kanti a Mosko, irin wadda ake saka kuɗi ta miƙo lemo, ita laik take sayarwa, 100 a kan rubul 50.

Duk wannan yana cin jari: waya, sim, wuta, haya. Akwai hanyar da ba ta cin komai, kuma ita ce ta fi shigowa wayoyin mutanenmu. Duk wanda ya yi Facebook a Opera Mini wajejen 2014 zuwa 2017 zai tuna lokacin oto laika. Yaro ya ɗora hoto, cikin minti biyar laik 300, in ka buɗe sunayen babu Bahaushe ko ɗaya, daga ɗan Indiya sai ɗan Indonesiya. Kyauta ne kuma. Ba wanda ya tsaya tambayar me mai shafin yake samu.

Wasu masu bincike daga jami'ar Iowa a Amurka da wata jami'a a Lahore ta Pakistan suka tsaya suka tambaya, suka fitar da sakamakonsu a 2017. Ga yadda abin yake. Facebook yana da wani ɗan makulli da ake kira tokin, wanda yake ba manhajojin da ka amince da su don su yi abu da sunanka ba sai sun san kalmar sirrinka ba. Wasu manhajojin kamfanonin waya na gaske, kamar HTC Sense, suna da izinin danna laik da yin sharhi a madadin mai akawun. Shafin oto laika sai ya ce ka danna nan ka amince da wannan manhaja, sannan ka kwafo dogon rubutun da ya fito a saman burauza ka liƙa masa. Wannan dogon rubutun shi ne makullin. Da ka liƙa, ka shiga cikin tulin. In ka nemi laik 300, makullan mutum 300 da suka riga ka shiga ake ɗauka a danna maka. In wani ya nema, da naka za a danna masa. Masu binciken suka buɗe akawun na tarko, suka shiga shafuka irin su Hublaa da Official Liker, suka yi ta neman laik suna rubuta sunayen masu dannawa, har suka ƙirga akawun sama da miliyan 1. Su masu shafukan suna cin kuɗin talla daga tururuwar masu shiga, sannan suna sayar da laik mai yawa ga masu biya.

Ka ga mun dawo kan Samy. Babu sim, babu gona, babu ma'aikaci a Daka. Akawun ɗin mutumin gaske ne, mai hotunan biki da abokan makaranta da shekaru a dandalin, irin wanda tsarin kamfani ba zai yi saurin zargi ba. Irin wannan ya fi kowane na bogi tsada a kasuwar, kuma mai shi ne ya kawo shi da ƙafarsa. Shi ya sa mutum zai buɗe jerin shafukan da ya yi wa laik ya ga shafin caca, ko na hotunan batsa, ko na wani ɗan siyasar ƙasar da bai san inda take ba, ya yi ta rantsuwa bai taɓa dannawa ba. Gaskiya ya faɗa, ba shi ya danna ba, amma sunansa ne a wurin, kuma surukinsa ma yana iya gani.

A ɓangaren Instagram akwai masu ɗan tsafta irin su Instagress, da ake ba su kalmar sirri su riƙa laik da sharhi da sunanka don jawo hankali. Matsalarsu ba sa karatu. Mutum ya ɗora sanarwar rasuwa, sai ga sharhinka a ƙasa kana yabon kyan hoto. Instagram ya sa an rufe Instagress a Afrilun 2017, kuma a Nuwambar 2018 ya sanar cewa zai riƙa cire duk laik da mabiyan da suka zo ta irin waɗannan manhajoji.

Shekarar 2018 ce hukuma ta shigo da gaske. A watan Janairu jaridar New York Times ta tona asirin wani kamfani a Amurka mai suna Devumi. Yana da akawun na bogi kimanin miliyan 3.5, yana sayar da su ana maimaitawa, har ya sayar da mabiya sama da miliyan 200 ga kwastomomi wajen 200,000, ciki har da 'yan fim da 'yan wasa da 'yan siyasa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne aƙalla 55,000 daga cikin akawun ɗin kwafin mutanen gaske ne. An ɗauki sunan mutum da hotonsa da garinsu, an canza harafi ɗaya a sunan akawun, wasu ma yara ne 'yan makaranta. Kamfanin ya rufe, kuma a 2019 hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci tarar mai shi dala miliyan 2.5. A Yulin 2018 Twitter ya yi tasa sharar, Barack Obama da Katy Perry kowanne ya rasa sama da miliyan 2. Facebook kuma ya ce a wata uku na farkon 2019 kaɗai ya goge akawun na bogi biliyan 2.2, kusan yawan masu amfani da shi na gaske a lokacin, mafi yawa tun suna cikin mintunan farko da buɗewa. Daga Oktoban 2024 dokar Amurka ta hana saye da sayar da mabiyan bogi don kasuwanci, tarar tana haura dala 50,000 a kan kowane laifi.

Amma a ganina ba kotu ce ta fi karya kasuwar ba, TikTok ne. Shi ya zo da tsarin da ba ya damuwa da yawan mabiyanka sosai. Yarinya mai mabiya 40 tana iya ɗora bidiyon dambun nama mutum miliyan ya kalla, mai mabiya 500,000 ya ɗora nasa ya tsaya a 900. Facebook da Instagram da YouTube duk sun bi sahu. A Janairun 2018 YouTube ya ce mabiya 1,000 kaɗai ba su isa a fara biyanka ba, sai da awa 4,000 na kallo a shekara. Facebook ma ya kasance yana ƙirga mintunan kallo tare da mabiya, kuma dokokinsa na biyan kuɗi sun ce shafin da aka kama da mabiyan ƙarya yana iya rasa damar. Mabiyin bogi yana cika lamba, amma ba ya zama ya kalli bidiyon minti uku, ba ya sayen atamfa, ba ya zuwa shago.

Duk da haka manhajojin ba su ƙare ba, riga suka canza. Tunda Facebook ya toshe yawancin hanyoyin tokin bayan 2018, na yanzu kai tsaye suke cewa ka rubuta sunan akawun da kalmar sirri. Wasu na ba ka kwabbai, ka bi mutum goma a ba ka kwabo goma, ka sayi mabiya da su, alhali a bayan fage akawun ɗinka yana ta bin ɗaruruwa. A Oktoban 2022 kamfanin Meta ya ce ya gano manhajoji sama da 400 a rumbunan Android da iPhone da aikinsu satar kalmar sirrin Facebook ne, ya gargaɗi mutum kusan miliyan 1. A shago, cikin masu zuwa da kukan an ƙwace musu akawun, ko an kulle shi, in ka bincika wayar sau da yawa za ka tarar da irin wannan manhajar a ciki, ko an shiga wani shafin ƙarin mabiya a burauza. In ɓarawon ya riga ya canza lambar waya da imel, mai gyara ba shi da abin yi, domin matsalar ba a cikin wayar take ba.

Wanda ya san ya taɓa saka akawun ɗinsa a irin waɗannan wurare, ko shekara nawa ne da suka wuce, goge manhajar kaɗai bai isa ba. Ka shiga saitin Facebook, wurin manhajoji da shafukan da aka ba izini, ka cire duk wanda ba ka gane ba. Ka duba jerin na'urorin da akawun ɗinka yake buɗe a kansu, in ka ga wayar da ba taka ba ko garin da ba ka taɓa zuwa ba, ka fitar da su duka. Sannan ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Daga nan ka buɗe jerin waɗanda kake bi da shafukan da ka yi wa laik, ka fara saki. Amma ka riƙa yi kaɗan-kaɗan, kamar 30 zuwa 50 a rana, don in ka saki ɗaruruwa a zama ɗaya tsarin zai ɗauka kai ma na'ura ce ya dakatar da kai.